Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin hukumomin kashe gobara na jihohin arewa: in mai saran itace ya maƙale a sama wa zai sauko da shi?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, na rubuto ne kan wasu bayin Allah da kullum muke gani a saman bishiya da gatari ko injin yanka, amma in ana maganar ceto ba a taɓa sa su a lissafi ba.

Ni ɗan mai saran itace ne. Da gatari da igiya mahaifina ya ciyar damu har ƙarfinsa ya ƙare, tun ina ƙarami ni ke riƙe masa bakin igiya a ƙasa in zai sauke reshe. Ni kuma Allah ya kaini aikin hawa ƙarfen sabis, dogayen ƙarafan nan na kamfanonin waya, kuma a wannan aikin ne aka fara zaunar dani a aji aka ce kafin ka koyi hawa sai ka koyi yadda zaka sauko da ɗan'uwanka in ya suma a sama. Ranar da naji wannan magana babana na tuna. Shekara wajen talatin yana hawa rimi da maɗaci da darbejiya, babu wanda ya taɓa gaya masa haka, kuma babu babban da ya taɓa tsaya masa a ƙasa da niyyar in wani abu ya faru zai hau ya ɗauko shi, sai ni yaro ɗan shekara goma da ko tsani ban iya jinginawa ba.

Abinda ya hanani yin shiru shine abinda ya faru a lungunmu bazarar da ta wuce, dab da faɗuwar damina, lokacin da kowa ke neman a rage masa rassa saboda tsoron iska. Wani maƙwabcinmu yana da darbejiya da ta sunkuyo kan rufin ɗakinsa, ya kira wani matashi da ke wannan sana'ar, yaro mai ladabi wallahi, da ita yake riƙe da mahaifiyarsa. Ya hau ba takalmi, ya ɗaure kugunsa da shuɗiyar igiyar ledar nan da ake ɗaure kaya a mota, ɗaya bakin ya ƙulla a reshen da ke samansa, aka miƙa masa inji. Ya fara yanka ta sama bai fara tsaga reshen ta ƙasa ba, reshen kuma yana da nauyi a can baki, kafin ya gama sai ya dare gida biyu ya yi tsalle ya doke shi a ƙirji. Injin ya faɗo, shi kuma igiya ta riƙe shi. Mutane suka ce alhamdulillah igiya ta cece shi, bai faɗo ba. To amma igiyar ta zame daga kugu ta haye ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta shaƙe shi, yana lilo a tsakiyar iska, hannunsa baya kaiwa ga reshe ƙafarsa bata taɓa komai.

Ina gida ƙanina ya shigo da gudu. Da na fito lungun ya cika maƙil, mata na salati, wani ya kawo katifa, wani ya kawo tsanin da ko rabin wajen bai kai ba, wani dattijo na cewa a hau a yanke igiyar a tare shi da bargo, kuma da gaske yake, tausayi ne yasa shi faɗin haka. Da farko yaron yana magana, yana cewa ku taimakeni numfashina, daga baya sai muryar ta koma ƙasa ƙasa, sai kansa ya langaɓe. Allah yasa ranar jakar aikina tana ɗaki. Na sa ɗamarar hawa, na jefa igiyata, kuma anan ne na gane horon da aka bani akan ƙarfe bai isa ba, domin ƙarfe kasan abinda zai ɗauka, itace kuwa sai wanda ya sanshi. Abinda babana ya koya min ne ya nuna min reshen da zan amince masa, na bar wanda ya fi kusa saboda naga ɓawonsa ya tsage ga garin gara a gindinsa, na nemi mararrabar da ke manne da uwar bishiyar. Na isa gareshi, na zagaya masa majanyi a cinyoyi da ƙirji na haɗa shi da jikina, na ɗan ɗaga shi har igiyar ledar ta saki, sannan na yanke ta, muka sauko tare a hankali. An kira ma'aikatan kashe gobara tun farko kuma sun zo, Allah ya saka musu, sai dai mun riga mun sauko, kuma ko sun zo da wuri motarsu bazata shiga lungunmu ba. Yaron ya rayu. Haƙarƙari biyu sun karye, ya yi kwanaki fitsarinsa kamar baƙin shayi, likita ya ce naman jikin da igiya ta matse ne ya lalace yake wahalar da ƙoda.

Ranku ya daɗe, da ranar ina wajen aiki fa? Wannan tambayar ce take hanani barci.

Mutanenmu suna ganin in igiya ta riƙe mutum shikenan ya tsira, sai a jira a samo dabara a nutse. Ba haka bane. Mutumin da ke rataye a tsaye baya motsa ƙafa, jini taruwa yake a ƙafafunsa, domin motsin naman ƙafa ne ke taimakawa wajen tura jini ya koma zuciya, in babu wannan sai jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai jiri, sai gumi, sai tashin zuciya, sai suma. Wanda ya suma a ƙasa faɗuwa yake ya kwanta jini ya koma kansa ya farfaɗo, amma wanda ke rataye igiya bazata barshi ya kwanta ba, haka zai cigaba da tsayuwa a sume, ga kansa ya sunkuya ya toshe masa hanyar numfashi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2004 cewa rataya irin wannan na iya kai mutum ga suma sannan mutuwa cikin ƙasa da minti 30, kuma fa wannan maganar wanda ke sanye da ɗamara ta gaske ake yi, wadda ke riƙe cinyoyi da kafaɗu. Mai igiya ɗaya a kugu nashi ya fi haka muni nesa ba kusa ba, shi yasa tun 1998 suka hana amfani da bel ɗin kugu kaɗai wajen tare faɗuwa a aikin gini a can. Mu kuma a nan igiyar kugun ita ce ma mai hankali ke ɗaurawa, da yawa ko ita babu.

To ku duba lissafin da kanku, ku kuka fi kowa sanin hanyoyinmu. Daga lokacin da za a farga a kira lambar gaggawa ta 112 ko lambar ofishinku, a yi kwatance, mota ta fito ta ratsa cunkoson adaidaita sahu, ta iso, a sauke tsani, minti nawa kenan ko a cikin birni? Balle ƙauyen da ke nesa da hedikwatar ƙaramar hukuma, inda bafulatani ke saman kawo ko marke yana sassaɓo wa shanu ganye a tsakiyar rani, ko mai ɗiban ganyen kuka da ke taka turakun da aka kafa a jikin bishiya tun zamanin kakansa, ko mai amya da ya hau cikin dare ɗiban zuma. Ba gazawarku nake faɗa ba, nisa ne da lokaci, ko wace ƙasa haka take. Shi yasa ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan abu suka tsaya akan magana ɗaya, mai ceton farko dole ya kasance yana gindin bishiyar tun kafin a hau.

A Ingila doka ce, dokar aiki a sama ta 2005 ta wajabta a tsara yadda za a yi ceto kafin a fara aikin, kuma ƙa'idar masu aikin bishiya a can ita ce mutum baya hawa shi kaɗai, dole akwai na biyu a wajen wanda ya iya hawa, yana da kayansa a kusa, kuma ya ci jarabawar sauko da wanda ya ji rauni. Takardar shaidar farko ta mai hawa ma a haɗe take, hawa da ceto, ba a baka ɗaya babu ɗaya. Igiya da ɗamara da ƙugiyoyi kuma duk wata shida sai wani masani ya duba su ya sa hannu. A Amurka kuwa labarin ya fi taɓa min zuciya, domin wata uwa ce a jihar New York ɗanta ya mutu yana aikin rage rassa, ta zauna tana rubuta wasiƙu zuwa ga hukumomi ɗaya bayan ɗaya har aka kafa kwamiti a 1968, aka fitar da ƙa'idar da ake kira Z133 a 1972, wadda har yau ita masu aikin bishiya ke bi ana sabunta ta. Kuma gasar hawa bishiya ta duniya da aka fara a 1976 a birnin St. Louis, cikin abubuwan da ake gwadawa akwai ceto, a rataye mutum-mutumi mai nauyi a sama a baka minti 5 ka duba haɗari, ka hau, ka duba shi, ka sauko dashi lafiya alƙalai na kallon kowane motsinka. Sun maida abin wasa ne don hannu ya saba, domin ranar da abin ya faru da gaske ba lokacin tunani.

Ban kawo waɗannan don in ce mu kwafi turawa kai tsaye ba, nasan halin da muke ciki, nasan mai saran itace a unguwa abinda ake biyansa bai taka kara ya karya ba. Amma yawancin abinda ke kashe mutanenmu ba rashin kayan miliyoyi bane, rashin sani ne na abubuwa ƙanana.

Ɗauki maganar igiya. Shuɗiyar igiyar leda rana na cinye ta, zaka ganta kamar lafiya lau amma in ka murza sai ta yi gari a hannunka, kuma zafi kaɗan take narkewa, gogayya da reshe kawai ta isa ta ƙone ta in nauyi ya zame da sauri. Igiyar hawa ta gaske da zaren foliyesta ko nailon ake saƙa ta, kaurinta milimita 11 zuwa 13, kuma ƙa'idar Amurka ta ce sabuwa ta iya ɗaukar fam 5,400, wato kusan kilo 2,450. Wani zai ce mutum kilo 70 me zai yi da igiyar tan biyu da rabi, to ƙulli kaɗai yana rage mata ƙarfi sosai, tsufa na ragewa, sannan mutumin da ya faɗo ya fizgi igiya nauyinsa ninkuwa yake sau da yawa a wannan daƙiƙar. Shi yasa ake cewa kada ka bar igiyarka ta yi sako-sako fiye da rabin mita, kuma kada ka haye saman inda ka ɗaure. Sannan igiyar da ke riƙe da ranka daban, igiyar sauke rassa daban, har abada ba a haɗa su. Babana igiya ɗaya gareshi, da ita yake sauke gungumen da maza huɗu ke ja, da ita yake ɗaure kansa, Allah ne kawai ya kiyaye shi.

Sai maganar ɗauri biyu. Duk lokacin da za a tada inji a sama, mutum ya kasance a ɗaure ta hanya biyu, doguwar igiya daga sama da gajeriya da ta zagaye jikin bishiya, a wuri daban daban, don in sarƙar inji ta lashi ɗaya ɗayar ta riƙe shi. Sarƙar nan tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa ɗaya, igiyar da ke miƙe da nauyin mutum taɓawa ɗaya ta isa. Haka in zai canja reshe, sai ya ɗaura sabuwa ya gwada ta da nauyinsa kafin ya kwance tsohuwa. Da yaron lungunmu yana da gajeriyar igiyar nan da reshen ya doke shi amma bai fita daga jikin bishiyar ba. Akwai kuma ƙullin da ke zamewa in ka tura shi da hannu amma ya cije in nauyi ya hau kansa, wani ɗan ƙasar Ostiriya mai hawa duwatsu Karl Prusik ya fito dashi a 1931, da guntuwar igiya ake yinsa, na koya wa ƙanina cikin rabin awa a tsakar gida. Wannan ƙullin kaɗai yana bawa mutum damar hawa da sauka yana ɗaure koyaushe, in kudan zuma ko rina suka taso masa ya zame ƙasa da sauri maimakon ya yi tsalle, domin da yawa waɗanda ake cewa zuma ta kashe su a bishiya faɗowar ce ta kashe su.

Maganar wutar lantarki kuwa dan Allah ku tsaya akanta sosai, domin anan ne mai ceto ke zama gawa ta biyu. Manyan layukan wuta da suka ratsa unguwanninmu na 11kV da 33kV basa buƙatar ka kama su da hannu, ɗanyen reshe ya taɓa su ya isa, bishiyar gaba ɗaya ta ɗauki wuta har ƙasan da ke gindinta. Ƙa'ida ita ce wanda ba a horar dashi aikin kusa da waya ba kada shi ko gatarinsa ko reshen da yake yanka su kusanci waya ƙasa da mita 3. Amma mu abinda muke yi shine a leƙa a ga ƙwan fitila a mace a ce an ɗauke wuta yi sauri ka hau. An ɗauke wuta ba an kashe layi bane. Ana iya dawo da ita kowane lokaci ba sallama, kuma janareto ko inbatar wani gida da ba a haɗa daidai ba na iya tura wuta ta koma kan waya. In mutum ya maƙale a bishiyar da ke taɓa waya, komai kukan da ake yi ba mai hawa, ba mai jingina tsani, ba mai taɓa igiyarsa, sai ma'aikatan kamfanin wuta sun tabbatar sun kashe layin. Maganar tana da ɗaci, mutum na kallon ɗan'uwansa ka ce masa ya tsaya, amma in ku masu kaki kuka faɗa a rediyo za a ji fiye da in ni na faɗa.

Shi kansa ceton ba tsafi bane, tsari ne da ake maimaitawa har ya zauna. A tsaida duk wani aiki a kashe inji, a kori taron jama'a daga ƙarƙashi, a kira shi da ƙarfi a ji ko zai amsa. In yana amsawa a ce ya rinƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, a jefa masa igiya mai madauki ya taka ya miƙe akai, wannan kaɗai na ƙara masa lokaci mai yawa, kuma sau da yawa in an kwantar masa da hankali shi zai sauko da kansa. A sa mutum ɗaya takamaimai ya kira ku da motar asibiti ya tsaya a bakin titi ya tarbe ku, ba a ce wani ya kira ba kowa ya ɗauka wani ya kira. Mai ceto ya ɗaga kai ya duba abinda ya jawo haɗarin tukuna, waya ce, zuma ce, reshe ne ya karye yake rataye yana jiran faɗowa, sannan ya hau da igiyarsa shi, a reshen da zai iya ɗaukar mutum biyu. In ya isa ya duba numfashi da jini. Yankan inji a cinya ko hannu na iya ƙarar da jinin mutum cikin mintuna kaɗan, a danne da ƙarfi, in ya ƙi tsayawa a ɗaure sama da ciwon tamau a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita, shi yasa ya kamata mai hawa ya rataya ɗan ƙunshin bandeji a ɗamararsa ba a barshi a ƙasa cikin jaka ba. Sai ya duba igiyar mai raunin, in lafiyarta ƙalau a sauko dashi akanta kuna haɗe da juna, in ta lalace a maida nauyinsa kan igiyarka tukuna. Ba a yanke igiyar mutum sai wata ta riga ta ɗauke shi, wannan ita ce maganar da naso in gaya wa dattijon nan mai bargo ranar amma ba lokaci.

Akwai ma hanyar da ta fi dacewa damu saboda bata buƙatar na ƙasa ya iya hawa sosai. A wuce da igiya ta mararrabar reshe a sama a dawo da bakinta a ɗaure a gindin bishiya ta yadda za a iya sassauta ta a hankali, da ragowar igiya mai tsawo a ajiye, in na sama ya samu matsala kuma ba gajeriyar igiya ta riƙe shi ba, na ƙasa sai ya sauke shi kamar yadda ake sauke guga a rijiya. Ma'aikatanku da ke ciro mutane da dabbobi daga rijiya kusan kullum sun san wannan aikin fiye da kowa, juya shi kawai za a yi ya kalli sama.

Giginya da dabino nasu daban ne kuma ina roƙon a yi musu zama na musamman, ko a Dutse inda ake noman dabino ko a garuruwan da giginya ta yi yawa. Babu reshen da zaka jefa igiya, mai hawa da kewayen igiya ɗaya yake tafiya, in ya suma a can sama sai mai ceto ya bi gangar jikin ya wuce shi ya shaƙe bishiyar da majanyi a samansa ya rataya igiya anan. Wannan sai an gwada an sake gwadawa a ƙasa ƙasa kafin a je sama.

In an sauko ma aiki bai ƙare ba. A da ana koyar da cewa wanda aka sauko dashi daga rataya kada a kwantar dashi a zaunar dashi, amma likitoci sun sake duba maganar sun bar ta, yanzu a kwantar dashi a miƙe kamar kowane mai rauni, in a sume yake yana numfashi a juya shi gefe a kula da wuyansa. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana sume. Kuma ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kaishi asibiti saboda ƙoda. Wanda kuma ya faɗo ƙasa, dan girman Allah a daina ɗaukarsa hannu da ƙafa a cusa a bayan adaidaita a naɗe, a daina jan wuya ana cewa targaɗe ne. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kai, a juya shi gaba ɗaya kamar gungume. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga samarin da suka faɗo daga mangwaro ko ɗorawa suna kwance ƙafa bata motsi, kuma wani ba faɗuwar ce ta gama da lakarsa ba, ɗaukar da aka yi masa ce. Ina girmama maɗoranmu, sun yi wa al'umma aiki, amma ƙashin baya da na wuya a fara kaiwa a ɗauki hoto.

Nasan wani zai ce ajali ne, in kwana ya ƙare ko da igiya goma sai an tafi. Gaskiya ne babu mai wuce ranarsa, amma addininmu bai ce mu bar sababi ba, kuma ku kanku da kuka yarda da ƙaddara baku shiga wuta ba hular kwano.

Abinda nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Kada a ce za a hana su hawa ko a ƙaƙaba musu lasisi da kuɗin fom, in aka yi haka guduwa zasu yi su cigaba da aikin a ɓoye, abincinsu ne. A kira su ta hannun masu unguwanni da sarakunan sana'a da shugabannin 'yan katako da 'yan itace, a buɗe musu harabar ofishinku kwana biyu ko uku kyauta, da Hausa, a aikace ba a allo ba. Kusan duk ofishin kashe gobara da na sani akwai darbejiya a harabarsa, a cika buhu da yashi kilo 70 a rataye, kowa ya hau ya sauko dashi har sai ya iya. A gayyato tsofaffin masu hawa su ma su koyar, domin su suka san mangwaro karyewa yake ba gargaɗi, kuka laushi gareta ga santsi, tsamiya kuwa ko siririn reshenta na riƙe mutum, su suka san ƙarar da itace mai rami ke yi in an ƙwanƙwasa shi da bayan gatari, wannan ilimin babu shi a littafinku kuma babu shi a nawa. Ku kawo igiya da tsari da taimakon farko, ƙungiyar Red Cross na iya shigowa ta wannan ɓangaren, su kuma su kawo sanin itace.

Sannan a ajiye jakar ceto ko guda ɗaya a kowane ofishi, ɗamara biyu, igiya biyu, ƙugiyoyi masu kulle kansu, hular kwano mai maɗauri a haɓa, da mutum biyu a kowane zubi da suka iya hawa bishiya da igiya ba sai da tsanin mota ba, waɗanda za su iya hawa babur su shiga lungu. Ƙungiyoyin masu sana'ar kuma a taimaka musu su haɗa kuɗi su sayi kaya na haɗaka ana karɓa ana dawowa. Kuma ku yi magana da 'yan uwanku na ma'aikatun muhalli da ƙananan hukumomi, duk kwangilar rage rassan titi ko makaranta ko asibiti da gwamnati zata bayar a rubuta a ciki cewa ba mai hawa shi kaɗai kuma ba mai hawa ba ɗamara. Ma'aikacin kamfani irina yana da dokar biyan diyya ta 2010 a bayansa in ya ji rauni, mai saran itace na unguwa in ya karye sai dai maƙwabta su yi karo-karo, to ko kariyar farko a bashi.

Ana ta kiran mu dasa bishiya kuma muna goyon baya, tun 2015 akwai hukuma guda ta ƙasa da ke aikin katangar bishiyoyi a jihohi 11 na arewa, darbejiyar da aka fara kawowa Borno a 1928 yau babu garin da bata yi masa inuwa ba. Duk bishiyar da aka dasa a gari wata rana sai wani ya hau ya rage ta, kuma ɗan wani ne zai hau.

Ni da abokan aikina huɗu masu hawa ƙarfe mun yi magana, duk ofishin da ya shirya zamu zo da kayanmu ranar hutunmu ba sai an biyamu ba, yaron lungunmu ma ya warke ya koma sana'arsa kuma ya ce shi zai fara tsayawa gaban 'yan uwansa ya nuna musu tabon igiyar a jikinsa. Muna roƙon a sa rana kafin watan Afrilu, domin daga nan ne hadari ke fara haɗuwa kowa ya fara neman mai sara.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ma'aikatanku a duk inda suka shiga.

Naku,
ɗan mai saran itace, mai hawa ƙarfen sabis.